Lambunan Unguwa a Abuja: Na Jama'a Ne Ko Na Mai Haya?

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin lambunan shaƙatawa na unguwa a Garki ko Wuse da misalin ƙarfe huɗu na yamma, watau lokacin da ya kamata a ce yara sun cika wurin da guje-guje, abin da zai tarar shi ne kujerun roba jere ƙarƙashin itatuwa, da ma'aikata suna goge tebura, da mai gasa kifi yana hura gawayi. Ciyawa ta daɗe da mutuwa a inda aka zuba siminti, yaro kuwa sai an tona. In baƙon ya sami kujera ya zauna, ba zai daɗe ba sai an zo an tambaye shi abin da za a kawo masa. Ba wanda zai kore shi, amma da kansa zai gane cewa zama a nan na mai saye ne. Wurin ba ya cika sai bayan magariba, kuma yawancin masu cika shi da mota suke zuwa daga wata unguwa.

Ba haka aka shirya ba. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed ya sanar da cewa Gwamnatin Tarayya ta amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta a bar Ikko a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Babban dalilin barin Ikko kuwa shi ne cunkoso da rashin fili. Saboda haka da masana tsara birane daga Amurka suka miƙa taswirar Abuja a cikin 1979, sai suka raba birnin gundumomi, kowace gunduma kuma suka raba ta ƙananan unguwanni, kowace da makarantarta ta firamare da kantunanta da filinta na shan iska, yadda mai gida da iyalinsa za su kai wurin da ƙafa. Bakin rafuka da kwaruruka da gindin duwatsu an hana gini a kansu, aka bar su su zama hanyar ruwa da damina, inuwa kuma da bazara. Ma'aikatan da suka tare a Garki da Wuse, kafin da bayan ƙaurar gwamnati a ranar 12 ga Disamba, 1991, su aka keɓe wa waɗannan filaye.

To, amma keɓe fili a takarda abu ne mai sauƙi, kula da shi ne aiki. Lambu yana bukatar mai ban ruwa da rani, da mai yankan ciyawa da damina, da mai gadi dare da rana, ga shi kuwa ba ya kawo ko kwabo. Filaye da yawa suka zama jeji da juji da maɓoyar ɓata-gari. Dabarar da hukumar birnin ta ɓullo da ita ita ce ta ba 'yan kasuwa hayarsu, bisa sharaɗin su dasa itatuwa, su tsabtace wurin, su kuma yi ɗan ciniki a wani ɓangare don su mai da kuɗinsu. A baki shiri ne mai kyau. Sai dai ɗan kasuwa ba ya cin riba daga yaro mai buga ƙwallo ko tsoho mai karanta jarida, ribarsa tana ga kifi da abin sha da hayar wurin biki. Sannu a hankali ɓangaren ciniki ya haɗiye ɓangaren shan iska: rumfa ta zama ɗaki, ɗaki ya zama zauren taro, waya ta zama katanga. Watakila ma sunan da muka ba abin yana da hannu, domin a wurin Bahaushe lambu wuri ne na albasa da tumatir wanda ake jiran amfaninsa. Abin da ya fi kusa da nufin masu taswirar shi ne dandali, wanda ba a taɓa jin an biya kuɗin shigarsa ba.

Amma fa dora laifin duka a kan masu haya bai isa bayani ba, gama da mutanen unguwa suna nan da ba su yi shiru ba. Abin da ya fi yi wa lambunan illa shi ne watsewar waɗanda aka yi su dominsu. A cikin 2003 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta soma tsarin biyan ma'aikaci kuɗi a maimakon ba shi gida da mota, daga 2005 kuma aka shiga sayar da gidajen gwamnati na Abuja. Waɗansu ma'aikata sun saya sun zauna. Waɗansu da dama kuwa, musamman ƙanana, ko dai sun kasa biya, ko kuma sun saya da rance sa'an nan suka ga ya fi musu su sayar ko su ba da haya su koma bayan gari. Gidajen da ke bakin titi suka koma ofisoshi da kantuna da asibitoci da masaukin baƙi. Wanda ya san titin Aminu Kano ko na Adetokunbo Ademola a Wuse ta Biyu tun farko ba sai an ba shi labari ba. Banki ba shi da 'ya'yan da zai kai lilo, mai kanti kuma da ya rufe sai ya kama hanyar gida. Lambun da ba shi da maƙwabta masu kwana kusa da shi ba shi da mai kai ƙara ranar da aka sare itacensa.

Iyalan kuwa suna Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe, har da Mararaba a Jihar Nasarawa da Suleja a Jihar Neja. Ƙidayar 1991 ta nuna mutanen yankin babban birnin ba su kai 400,000 ba, ta 2006 kuwa ta ba da wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, kuma ba mai musun cewa sun ninka tun daga lokacin. Yawancin wannan ƙaruwa a garuruwan gefe ta auku, inda gini ya riga tsari, aka yanka filaye aka sayar har bakin kwata. Watau dai inda yaran suke babu lambu, inda lambun yake babu yara. Shaidar haka tana bayyana kowace Salla da Kirsimeti a babban lambun Millennium da ke Maitama, mai faɗin kadada 32, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a watan Disamba na 2003. A irin waɗannan ranaku ba masaka tsinke a wurin, kuma mafi yawan masu shimfiɗa tabarma sun shiga mota biyu ko uku kafin su iso. Mutumin da ya kwaso 'ya'ya biyar daga Mararaba ya biya musu kuɗin mota don kawai su yi birgima a kan ciyawa, ba za a ce bai san darajar lambu ba. Amma abin da ya kamata ya zama na kowace la'asar ya zame masa na sau biyu a shekara.

Hukuma dai ba ta zauna ba, sai dai maganinta kullum iri ɗaya ne. Malam Nasiru el-Rufa'i, wanda ya riƙe ministan birnin daga 2003 zuwa 2007, ya rushe gine-gine masu yawa da sunan komawa ga taswirar asali, har da waɗanda aka yi a filayen da aka hana. A cikin 2022 hukumar ta ba da umurnin a riƙa rufe lambuna da ƙarfe bakwai na yamma, masu haya suka yi ca, suna cewa lokacin ne cinikinsu ke somawa, kuma ma'aikatansu za su rasa abinci. Gaskiya suka faɗa, amma gaskiyar ita ce ta tona asirin lamarin: wurin da ba ya rayuwa sai da dare ya riga ya daina zama lambun unguwa. Da Mista Nyesom Wike ya kama aikin minista a watan Agusta na 2023, shi ma gargaɗin rusau ya fara yi wa waɗanda suka yi gini a irin waɗannan filaye. Abin tambaya shi ne, wane ne ya sa hannu a takardun? Ƙasar babban birnin duka a hannun Gwamnatin Tarayya take, ba mai samun taƙi ɗaya bisa ƙa'ida sai ta ofis. Katafila tana rushe ginin, amma da wuya a ji an hukunta jami'in da ya canza wa filin suna a cikin fayil.

Kada kuma a ɗauka maganar ta shaƙatawa ce kurum. Ruwan sama bai san an canza taswira ba. Ambaliyar da ta mamaye rukunin gidajen Trademore a Lugbe a watan Yuni na 2023, har hukuma ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, ta nuna abin da ke biyo baya in aka matse wa rafi hanya.

Korar masu haya gaba ɗaya ba za ta haifar da kome ba sai komawa ga jeji da juji, tun da har yanzu ba a ga alamar hukuma za ta ɗauki nauyin ban ruwa da gadi ba. Abin da ya fi sauƙi, bai kuma bukaci kuɗi mai yawa ba, shi ne a kafa allo a ƙofar kowane lambu mai nuna faɗinsa, da sunan mai haya, da ranar ƙarewar hayar, da iyakar ɓangaren da aka yarda a yi ciniki, sauran kuma a bar shi a buɗe ga kowa ba tare da sayen kome ba. Da haka ɗalibi mai neman inuwar da zai yi bitar karatu zai san inda hakkinsa ya tsaya. Babban aikin kuwa yana can gefen gari, a unguwannin da ake yankawa yanzu a hanyar filin jirgin sama da wajen Kuje da Bwari, inda har yanzu akwai sauran fili. Ma'aikacin ofishin filaye da ke zana su a yau yana da ikon ya ware fuloti huɗu ko biyar a tsakiyar kowace unguwa, ya kuma sa a yi musu takarda da sunan jama'ar wurin, tun kafin farashin ƙasa ya kai inda wani babba zai aiko a nema masa su.