Wa Ke Da Na'urar, Mai Saye Ko Mai Ƙerawa?

Ya 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, duk sa'ad da aka ji ƙishin-ƙishin wani kamfani zai fito da sabuwar na'urar sauraren waƙa ta aljihu, sai ka tarar samarinmu sun kafa majalisa suna jera buri. Wannan ya ce yana so ta zama siririya kamar takarda, wancan ya ce fuskarta ta zama gilashi zalla babu madanni ko ɗaya, wani kuwa launin zinariya yake nema. Ba mu ƙi ado ba. Abin da ke ba mu takaici shi ne masu talla ne suka cusa mana wannan buri, mu kuma muka haddace muna maimaitawa kamar aku. Tambayar da ta kamata a fara da ita har yau ba mu ji wanda ya yi ta ba: in mun ƙirga kuɗinmu mun biya, na'urar ta zama tamu, ko kuwa aro aka ba mu?

Bari mu waiwaya kaɗan. A shekarar 1979 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da Walkman. Kaset take ci, ƙananan batura biyu ke tafiyar da ita, irin waɗanda ake samu a teburin kowane mai tireda, kuma tana da kafa biyu ta sa abin ji na kunne, domin mutum biyu su saurara tare. Wanda ya saye ta ya mallake ta ɗungum. In batir ya mutu ya canja, in zaren kaset ya tsinke ya liƙa, in ya ga dama ya ara wa abokinsa, ba ya neman izinin kowa. A 1998 wani kamfanin Koriya ta Kudu ya fito da MPMan, wadda ke ɗaukar waƙoƙin MP3 na wajen rabin awa, sa'an nan a watan Oktoba na 2001 Apple ya kawo iPod mai cin waƙa 1,000 a kan dala 399. Lalle an ci gaba, ba mai musun haka. Amma da wannan ci gaba ne aka shigo da wata sabuwar dabara ta 'yan jari-hujja, watau a sayar maka da ɗaki a riƙe mabuɗin.

Mabuɗi na fari shi ne batir. An rufe batirin iPod a cikin cikinta, ba ƙofa ba murfi, alhali kowa ya san batirin caji yana tsufa tun sauran jikin na'ura na da ƙarfinsa. A 2003 sai da wasu matasa biyu 'yan'uwan juna a Amurka suka yi ɗan gajeren fim suna tona asirin wannan al'amari, surutu ya yi yawa, kuma a shekarar ce kamfanin ya fara canja batir a kan dala 99. Masu saye suka kai ƙara, aka sasanta a 2005. To, wannan fa a ƙasar da ke da kotuna masu sauraron irin wannan kuka da kantunan kamfanin a manyan birane ke nan. Ina ga ɗalibin da ke Samaru ko Sakkwato, wanda ya tara kuɗin guzurinsa na wata da watanni? Ran da batirin ya mutu, ran nan na'urarsa ta zama abin danne takarda. Saboda haka abin da muke nema da farko shi ne batirin da mai na'ura zai cire da hannunsa, ko mai gyara a Farm Centre ta Kano ya kwance da sukundireba ba tare da ya fasa gam ba. Kada wani ya ce mana ba ya yiwuwa. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 wadda ta tilasta wa masu ƙera yawancin ƙananan na'urori su sa batirin da mai saye zai iya canjawa daga shekarar 2027. Ashe dai ana iyawa, so ne ba a yi. In kaurin na'ura zai ƙaru saboda haka, ya ƙaru, aljihunmu ba zai yage ba.

Mabuɗi na biyu ya fi na farko muni, domin shi a kan waƙar kanta aka ɗaura shi. Da Apple ya buɗe kantinsa na iTunes a 2003, yana sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99, kowace waƙa an sa mata wani kulle na manhaja, ba ta buɗewa a na'urar aljihu ta wani kamfani. Sony kuwa ya kafe a kan nasa tsarin mai suna ATRAC, na'urorinsa na farko ba sa karanta MP3 kai tsaye, sai a 2004 da ya ga kasuwa ta guje shi ya sauko. Amma labarin da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe shi ne na Microsoft. Ya rufe kantinsa na MSN Music a 2006, sa'an nan a 2008 ya sanar da cewa zai kashe kwamfutocin da ke ba waƙoƙin izinin buɗewa. Ma'anar wannan ita ce mutumin da ya biya kuɗinsa halal, ran da ya canja kwamfuta waƙoƙinsa sun tafi. Sai da aka yi ca a kansa ya ɗaga wa'adin zuwa 2011. Ku duba fa, wanda ya saci waƙa yana sauraron abinsa lafiya lau, wanda ya saya shi ne aka bari da cizon yatsa!

Za a ce mana ai kullen nan don kare haƙƙin mawaƙi aka yi shi. Haƙƙin mawaƙi gaskiya ne, kuma ba mu goyon bayan cin guminsa, ko a Landan ko a kasuwar Ƙofar Wambai. Sai dai Apple da kansa ya cire kullen daga waƙoƙin kantinsa a 2009, sama kuwa ba ta faɗo ba, aka ci gaba da ciniki. Kullen bai tsare ɓarawo ba, mai saye ya ɗaure a gindin kamfani ɗaya.

Yau an sake wa tuwo suna. An ce a daina saye gaba ɗaya, a riƙa biyan haya wata-wata ana saurare ta intanet, kamar yadda Spotify ke yi tun shigowarsa Nijeriya a 2021. Wanda ke da wuta dare da rana da data mai arha, wannan ya dace da shi. Mu da muke karatu da fitilar caji, muke ƙirga data kamar ƙwayar magani, na'urar da ba ta motsi sai da intanet ba ta da amfani gare mu. Bugu da ƙari, da yawa daga abin da Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos suka bari yana kan tsofaffin kasa-kasai da ma'ajiyar gidajen rediyo da katin memori na masu sha'awa, ba kamfanin hayar da ya tattara shi duka. Don haka muna son kafar sa katin memori, muna son a jona na'ura da kwamfuta a zuba abin da aka ga dama kamar yadda ake zuba hatsi a buhu, ba tare da an yi rajista ko an ba da suna da lambar waya ba. Duk tsawon rayuwar iPod, daga 2001 har aka daina yin ta a 2022, ba a taɓa sa mata wannan kafa ba, domin a tilasta wa mai son ƙarin wuri ya sayi babba. Amma 'yar ƙaramar Sansa Clip+ ta kamfanin SanDisk, wadda ta fito a 2009 a kan kuɗi kaɗan, tana da kafar kati, tana da rediyo, tana kuma ɗaukar magana.

Sauran bukatunmu ba su da tsada. Rediyo dole ne, don ba mu san gidan da ake raina labarai ba. Ɗaukar magana dole ne, ko don lacca. Madannai na gaske muke so, waɗanda yatsa zai lalubo a cikin aljihu, domin gilashi ba ya jituwa da ƙurar hunturu da gumin bazara. A bar mana kafar abin ji na kunne mai waya, wadda Apple ya cire daga iPhone a 2016 wasu suka bi sahu, don kada a ƙara mana wani abin da shi ma sai an yi masa caji. In waƙa ko lacca mai tsawo ce, na'ura ta tuna inda aka tsaya. A sa mata kuma gargaɗin ƙarar sauti, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda saurare da ƙarfi.

Akwai wani abu guda da ba mai talla da zai ambata, mu kuwa yana ci mana tuwo a ƙwarya. Ka rubuta sunan Ɗanƙwairo daidai, da ɗ ɗinsa da ƙ ɗinsa, ka zuba a yawancin ƙananan na'urorin nan, sai ka ga an jera maka akwatuna ko alamar tambaya a gurbin haruffanmu masu lanƙwasa. Haruffan nan suna cikin tsarin Unicode da daɗewa, sa su ba ya cin kuɗin a zo a gani, kuma masu magana da Hausa miliyoyi ne masu yawa daga Kano har Damagaram da Kumasi. Muna kira ga ɗalibanmu na sashen injiniya da na kimiyyar kwamfuta su lura da cewa tun farkon shekarun 2000 akwai manhajar Rockbox, wadda masu sa kai suka rubuta kyauta don irin waɗannan na'urori, kowa yana da damar ya buɗe ta ya gyara. Lasisin MP3 ma ya ƙare tun 2017. Wanda ke neman aikin kammala digiri, ga shi nan: ya fassara mana jerin umarninta da Hausa, ya tabbatar haruffanmu sun fito daidai, ya kawo mu gwada a ɗakin taro na ƙungiya.