Mun ce a bar mana tarbiyyar, to ga ta an bar mana

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, kuma magana ce da ba mu saba yi a fili ba, sai ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

A watan Nuwamba na 2022, Ministan Ilimi na wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa da ta cire darasin ilimin jima'i daga manhajar yaran makaranta. Hujjarsa ita ce wannan aikin iyaye ne da malaman addini. Mutane da yawa a nan Anka da Gummi da Bukkuyum sun yi na'am, ni ma ina ganin akwai gaskiya a hujjar. To, an bar mana. Tambayata ita ce, tun daga lokacin, gida nawa ne a cikinmu aka zaunar da yaro ko yarinya aka yi musu bayanin balaga?

Abin da na fi ji a gidajenmu bai wuce jimla ɗaya ba. Ranar da yarinya ta fara ganin jini, sai uwa ta miƙa mata ƙunzugu ko audugar mata, ta ce, "Kin girma, in namiji ya taɓa ki ciki za ki yi." Shi ke nan an gama. Shi kuwa namiji ko wannan ba ya samu. Muryarsa za ta buɗe, ya fara mafarki, wani ma ya yi watanni yana sallah da janaba don ba wanda ya taɓa gaya masa wanka ya hau kansa.

A da akwai masu cike wannan giɓi. Uwa tana kunyar 'yar fari, ko sunanta ba ta faɗa, amma akwai kaka da ke wasa da jika tana tsoma mata magana cikin raha, akwai gwaggo, akwai kawu. Gidan gandu ne, kowa da aikinsa. Yanzu dubi abin da 'yan bindiga suka yi wa wannan tsari. Ƙauyuka sun watse. A garin Anka mun ga 'yan gudun hijira sun cika har ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba. Kaka tana wani gari, gwaggo tana wani, uba ya tafi neman abin sawa a baki. Ambaliyar Gummi ta 2024 ta ƙara cusa iyalai cikin ɗakunan 'yan uwa da azuzuwan makaranta. Mutum takwas a ɗaki ɗaya, babu labule tsakanin babba da yaro. Kunyar tana nan daram, amma masu yin magana a madadin mai kunya sun watse.

In gida ya yi shiru, waje ba ya shiru. Yaron da ke zuwa wurin haƙar zinari a Bagega ko Sunke yana zama da manyan samari, yana jin komai. Yarinyar da ke talla a tasha tana jin abin da uwarta ba ta taɓa furtawa ba. Ga shagon caji da masu tura fina-finai. Ko a watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, ai ba a katse abin da ke cikin wayoyin ba, daga hannu zuwa hannu yake yawo. Saboda haka maganar "kar a buɗe musu ido" ta riga ta wuce. Idon zai buɗe. Abin da ya rage mana shi ne mu zaɓi wanda zai fara yi musu bayani, mu ko wani ƙato a bakin rami.

Masu cewa addini ya hana, don Allah mu koma littattafan da muka karanta a zaure. Ahalari, wanda yara ke farawa da shi, yana da fasali a kan haila da jinin biƙi, har da bayanin cewa mafi tsawon kwanakin mai farawa 15 ne. Iziyya da Risala sun yi bayanin abin da ke wajabta wanka ba tare da kewaye-kewaye ba. Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da mafarkin mace, ya amsa mata. Nana A'isha ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Aya ta 58 da ta 59 a Suratun Nur sun koyar da yara neman izini kafin shiga wurin iyaye a lokuta uku, hadisi kuma ya ce a raba musu shimfiɗa a shekara 10. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ashe shirun nan namu ne, ba na addini ba.

Ga abin da ya sa maganar ta wuce ta tsarki kaɗai. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa mace ɗaya cikin huɗu, da namiji ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Sau da yawa kuma mai yin ba baƙo ba ne, wanda yaron ya sani ne. A 2021 ƙungiyar likitocin MSF, wadda a lokacin ta daɗe tana aiki a Anka tun gubar dalma ta 2010, ta koka cewa waɗanda aka yi wa fyaɗe a Zamfara suna zuwa asibiti a makare, wasu ma ba sa zuwa. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shi cikin awa 72, wato kwana uku. Yarinyar da aka koya mata cewa ambaton wannan wuri rashin kunya ne, yaushe za ta buɗe baki cikin kwana uku? Sai ciki ya fito, ko ciwo ya ci ƙarfinta. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

To yaya za a fara? Ba sai an yi taro an tsare yaro da ido ba. Tun yana shekara huɗu ko biyar, wurin wanka, a gaya masa nan al'aura ce, ba mai gani ba mai taɓawa, ko kawu ne ko malam, kuma in wani ya taɓa ya ce kar ka faɗa, to wannan ne ma abin faɗa. Mata sukan fara alamun balaga tsakanin shekara 8 zuwa 13, maza tsakanin 9 zuwa 14. Daga ƙirgar dangi zuwa fara haila yawanci kusan shekara biyu ne, wannan tazarar kuwa ita ce damar uwa. Wurin tsintar shinkafa ko wanke-wanke, ki gaya mata jini zai zo, ba ciwo ba ne, ba laifi ba ne, ga yadda ake tsafta, ga hukuncin sallah da azumi. Kai kuma uba, a hanyar gona ko dawowa daga masallaci, ka gaya wa ɗanka mene ne mafarki da yadda ake wanka, ka kuma gaya masa 'yar mutane amana ce, ko mai talla ce ko 'yar gudun hijira. In bakinka ya yi nauyi, ka zaɓi amintacce cikin dangi ko malamar Islamiyya, ka ce mata ta yi, sannan ka bincika ko an yi.

Akwai ma ƙofa mai sauƙi. A 2024 allurar rigakafin kansar bakin mahaifa ta iso Zamfara, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Yarinya za ta tambaya, "Inna, allurar mece ce?" Maimakon ki ce ta yi shiru, ga inda hira za ta fara.

Abu mafi girma shi ne abin da za mu yi ranar da yaro ya kawo ƙara. In dukan farko a kansa ya sauka, ba zai sake faɗa ba har abada, ƙannensa ma sun ɗauki darasi. A saurare shi, a kai shi asibiti a ranar, sannan a nemi hukuma. Rufa asirin da ke barin mai laifi yana yawo a unguwa, yaran maƙwabta ne za su biya kuɗinsa.

Ina roƙon limamanmu na Juma'a a Anka da Gummi da Bukkuyum su ware huɗuba guda a kan wannan, malaman Islamiyya kuma su daina tsallake babin haila da janaba in an iso wurin. Mu iyaye kuwa, mu muka ce aikinmu ne. A cikin makon nan kowa ya dubi ɗansa ko 'yarsa da ta kai shekara tara, ya fara da ita.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mana su, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara. Amin.