Littattafan Sirrin Gida: Kada Mu Ƙona, Mu Karanta Da Hankali

Kowane zango akan kama ɗalibi da ɗan littafi a ɓoye cikin littafin lissafi, a karɓe, a yi masa horo. Idan an duba, galibi labarin iri ɗaya ne: maigida ya rasu, 'ya'yansa ba sa ga maciji da juna, ana shirin rabon gado sai wani tsohon sirri ya fito. Wasu iyaye da malamai suna ganin irin waɗannan littattafai ɓata tarbiyya ne kawai. Mu kuwa ra'ayinmu shi ne a bar mu mu karanta su, amma a fili, tare da manya.

Da farko, wannan irin labari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta littattafai, inda aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A cikin littattafan wannan zamani akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Labarin wani attajiri ne da ya auri yarinyar da wani saurayi ke so, saurayin ya ƙulla gaba, ya nemi asiri a kan ɗan da aka haifa. Yaron ya tashi ɓarawo, bai san abin da aka ƙulla tun kafin a haife shi ba, har ya kai ga kashe mahaifinsa ba da saninsa ba. Iyayenmu sun karanta shi a aji, babu wanda ya ce ya lalata su.

Daga baya marubutan Kano suka shiga cikin gida sosai. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Rabi wadda miji ya kora da 'ya'yanta saboda amarya. Da littattafan suka yawaita, sai aka yi ta kukan suna hure wa 'yan mata kunne, har a 2007 gwamnatin Kano ta sa aka ƙona wasu a bainar jama'a. An ƙona takarda, amma kishi da 'yan ubanci da cin gadon marayu suna nan inda suke.

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki bai kamata irin wannan labari ya firgita mu ba. Ku duba Farawa daga sura 37 zuwa 50. Yusufu yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi a kan azurfa 20, suka tsoma rigarsa cikin jinin akuya suka kai wa tsohonsu. Yakubu ya yi ta makoki, 'ya'yansa goma suna zaune da shi, suna ci tare da shi, sun san gaskiya, babu wanda ya buɗe baki har fiye da shekara 20. Wane marubuci ne ya taɓa tsara sirrin gida da ya fi wannan? Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da labarin a cikin Suratu Yusuf.

A nan Zurmi da Ƙaura Namoda da Shinkafi, makoki ba abin littafi ba ne kaɗai. Hare-haren 'yan bindiga sun raba gidaje da yawa da masu riƙe su. Akwai ɗalibai a cikinmu da suka rasa uba ko wa, aka ce musu su yi haƙuri, daga nan ba a sake ta da zancen ba. Bayan kwana arba'in sai maganar gona da shanu ta taso, ɗakin uwargida ya ja gefe, ɗakin amarya ya ja gefe, yaran da suka tashi suna ci a kwano ɗaya su daina gaisawa. Kunya ta hana yaro tambaya. To, idan ya ga irin damuwarsa a littafi, yakan gane ba shi kaɗai ba ne, kuma yakan sami kalmomin da zai faɗi abin da ke cinsa.

Ba mu ce littattafan ba su da aibi ba. Da yawa daga cikinsu suna ɗora kowane laifi a kan kishiya ko boka, kamar babu namijin da ke da hannu. Wasu kuma suna ƙarewa da ramuwar gayya, mai karatu ya rufe littafi yana murna an wulaƙanta wani. A nan ne muke bukatar malamanmu. Labarin Yusufu bai ƙare da ramuwa ba, amma kuma ba a rufe maganar da sunan zaman lafiya ba. Sai da 'yan'uwan suka amsa laifinsu, gaskiya ta fito, sa'an nan ya yafe musu. Wannan shi ne ma'aunin da za mu gwada kowane littafi da shi.

Saboda haka muna roƙon Shugaban Makaranta ya sa a ajiye zaɓaɓɓu daga cikin waɗannan littattafai a ɗakin karatu. Ƙungiyar Hausa da ta muhawara su riƙa ɗaukar ɗaya kowane zango a tattauna shi, malamin Hausa da malamin Littafi Mai Tsarki suna wurin. Iyayenmu kuma, don Allah a riƙa gaya wa 'ya'ya gaskiyar gidansu tun ana da rai, a bayyana bashi da gona da 'ya'yan da aka haifa a wani wuri, domin rana ba ta ƙarya. Mu ɗalibai kuwa, duk wanda ke gaba da ɗan'uwansa, kada ya bari wannan hutu ya wuce bai je ya gaishe shi ba.

Allah Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.