Fiyano mai kaɗa kansa: a hannun wa linzamin yake?

Idan aka ce fiyano a Kano ko Kaduna, hankalin mai karatu kan tafi ga akwatin lantarkin nan da ake haɗa kiɗan waƙoƙin fim da shi. Wanda nake nufi a wannan makon shi ne na asali, mai jikin katako da madannai 88, wanda kowane madanni ke harba ƙaramar guduma ta daki tsirkiyar ƙarfe. A yau akwai irinsa da mutum zai zauna nesa, ya taɓa wayarsa, sai madannan su shiga nitsewa suna tasowa alhali kujerar makaɗi babu kowa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Tun a ƙarni na tara, 'ya'yan Musa bin Shakir na Bagadaza sun bayyana wata na'urar busa da ruwa ke motsawa, mai gangar da aka kafa wa ƙusoshi, kowace ƙusa tana buɗe kafar sarewa a lokacinta. A sake tsarin ƙusoshin, waƙa ta sake. A ƙarshen ƙarni na sha tara Amurkawa suka fito da Pianola, mai karanta naɗin takarda mai huji-huji da taimakon iska. Sannan a 1904 kamfanin Welte na birnin Freiburg a Jamus ya kai abin wani mataki: naɗinsa yana riƙe har da ƙarfin bugu da taushinsa. Ta haka aka adana hannun Mahler da Grieg da Debussy.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, babu sauti a cikin takardar, haka ma babu shi a cikin fayil ɗin da ya gaje ta. Umarni ne zalla: danna wannan madanni, a wannan lokaci, da ƙarfi kaza, ka sake shi a lokaci kaza, ka taka feda. Tsarin MIDI, wanda kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi a 1983, yana auna ƙarfin bugun da lamba har zuwa 127. Ƙarƙashin kowane madanni akwai maganaɗisun lantarki da ke aiwatar da umarnin, sautin kuwa daga tsirkiyar da ke cikin ɗakin yake fitowa. Shi ya sa a 2006 wani kamfani mai suna Zenph ya iya ɗaukar faifan da Glenn Gould ya yi a 1955, ya warware shi ya koma umarni, fiyano ya sake kaɗa shi a gaban jama'a a Toronto, shekara 24 bayan mutuwar makaɗin.

Hanyar ba na'urar umarni ita ce ta fi saurin sauyawa. Disklavier na kamfanin Yamaha, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1987, da faifan fulofi ya fara, da akwatin sarrafawa a jikinsa. Daga nan aka bi ta faifan CD da filashi, har aka iso ga manhajar waya. Steinway ya fito da nasa, Spirio, a 2015, kuma da iPad ake tafiyar da shi, daga rumbun waƙoƙin da kamfanin ke tanadarwa. A farkon 2013 Elton John ya kaɗa fiyano a Kalifoniya, bugunsa ya bi intanet ya motsa fiyanoni a wasu ƙasashe a lokaci guda.

Inda na fi ganin amfanin rimot shi ne wajen ogan, ƙaton kayan busan nan na majami'u da manyan zaurukan Turai, mai bututu ɗaruruwa ko dubbai. Makaɗinsa na zaune a kusurwa guda, sau da yawa a sama, kuma abin da yake ji daban yake da abin da ke isa kunnen jama'a a ƙasa. Yanzu yana iya naɗar bugunsa, ya sauko tsakiyar zauren, ya kunna, ya saurari kansa kamar baƙo. Mai gyaran muryar bututu ma, wanda a da sai ya ajiye wani a gaban madannai yana yi masa kira daga cikin cikin ogan, yau yakan riƙe sautin da yake so da na'urar da ke hannunsa. Wannan ci gaba ne da ba ni da ja a kansa.

Damuwata tana ga rumbun da aka kulle. Tarihin Welte kansa ya ishi mai hankali. Hujin da ke jikin takarda a bayyane yake, kowa na iya aunawa, don haka ne ake iya ɗaukar hoton naɗe-naɗen a mai da su fayil, kamar yadda Jami'ar Stanford ke yi. Amma yadda kamfanin ke kama ƙarfin bugun makaɗi a lokacin naɗi, wannan ya riƙe shi a matsayin sirri. Da bom ya rushe masana'antar a 1944, akasarin sirrin ya tafi da ita, kuma har yau masana na muhawara kan ko nawa ne hannun Debussy a abin da muke ji, nawa ne kuma hannun ma'aikacin da ya gyara naɗin.

Faya-fayan farko da Yamaha ta sayar ma a tsarinta na kanta aka rubuta su, da kariyar hana kwafi. Masu tsofaffin na'urorin sun ga yadda fulofi ya ɓace daga kasuwa, suka koma neman dabarar musanya makarantinsa da na filashi. Fiyano mai kyau yakan kai jikoki, manhajar waya kuwa ko shekara goma da wuya ta yi ba a sauya ta ba. Haɗa waɗannan biyu a jiki ɗaya tamkar ɗaura auren tsohuwar kuka ne da ciyawar damina. Ban ce kamfanonin na da mugun nufi ba. Haƙƙin makaɗa abin karewa ne, kuma tsarin da suka ƙirƙira yakan fi MIDI na gama-gari kama ƙananan motsin yatsa da feda. Sai dai wanda ya sayi kaya da tsabar kuɗinsa, waƙoƙin ciki kuma suna hannun wani, to rabin kayan aro ne.

Saboda haka duk wata makaranta ko zaure da ke shirin sayen irin wannan na'ura, kafin ta tambayi yawan waƙoƙin da ke rumbu, ta fara tambaya ko na'urar za ta kaɗa fayil ɗin MIDI na gama-gari daga filashi ba tare da intanet ba, kuma ko abin da ɗalibi ya naɗa zai iya fita da shi zuwa wata na'ura. Maganar ta shafi matasanmu na situdiyo su ma, domin akwatinsu na lantarki wannan harshe na MIDI yake ji. Mai haɗa kiɗan da ya ajiye sautin da aka gama kawai, ya bar umarnin a cikin ƙwaƙwalwar akwati guda, ranar da akwatin ya ƙone ba zai iya sauya ko sauti ɗaya a waƙarsa ba. Fayil ɗin umarnin kuwa bai kai nauyin hoto guda a waya ba.