Zancen Iyali: Daren Kabewa da Bikin Godiya na Kaka



Yaranmu na makaranta sun soma kawo mana tambayar da iyayenmu ba su taɓa yi ba. Suna gani a talabijin da wayoyin hannu yadda yaran Amurka ke sa fuskar dodo da tufafin fatalwa a daren 31 ga Oktoba, suna bi gida gida ana ba su alewa. Sunan bikin Halowin. Har waɗansu makarantun kuɗi a manyan biranenmu sun ɗauka. To, ya kamata ɗan mai bi ya shiga?

Asalin abin daga Ailan ne da Sikotilan. Mutanen dā na can suna da biki a ƙarshen kaka, sa'ad da sanyi ke shigowa. Sukan hura wuta babba, suna kuma gaskata cewa a daren nan ruhohi suna yawo cikin mutane. Daga baya, a ƙarni na 8 da na 9, ikkilisiyar Roma ta keɓe 1 ga Nuwamba domin tunawa da dukan tsarkaka, jajiberen ranar kuwa shi ya ba bikin sunansa na yau. Yunwar da ta auka wa Ailan daga 1845 ta kori mutane fiye da miliyan 1 zuwa ƙetare, yawancinsu Amurka, suka tafi da al'adarsu. A can suka sami kabewa, suka riƙa fafe ta kamar ƙwarya, su yi mata ido da baki, su sa kyandir a ciki.

Masu bi na Amurka kansu bakinsu bai zo ɗaya ba. Waɗansu sun ce wasan yara ne kawai. Waɗansu sukan kulle ƙofa su kashe fitilar waje. Ikkilisiyoyi da yawa kuma sukan shirya bikin kaka a harabar majami'a a daren nan, da wasanni da alewa, ban da fatalwa, don kada yaransu su zauna a ɗaki suna jin hayaniyar maƙwabta.

A ganinmu, asali kaɗai ba ya yanke shari'a. Ku dubi namu bikin godiya na kaka, inda muke jera damin dawa da doya da kaji a gaban majami'a. Yadda ake yinsa yau daga Ingila ya zo mana ta hannun 'yan mishan. A 1843 ne wani fasto mai suna Robert Hawker ya kira mutanen ƙauyensa, Morwenstow, zuwa sujadar godiya domin amfanin gona, abin ya bazu. Amma tun kafin bishara ta iso, a garuruwanmu da yawa ba a taɓa sabon hatsi sai an kai wa tsafi rabonsa. Dawar ɗaya ce, lokacin ma ɗaya. Abin da ya sake shi ne wanda ake yi wa godiya. Ba mu taɓa jin dattijon ikkilisiya ya ce a daina kawo dami don kakanni sun kai nasu gindin tsamiya ba. (Idan akwai abin gyara a bikin nan, gwanjon da ake yi bayan sujada ne, inda ake kiran sunan mai kuɗi da ƙarfi, gwauruwa mai mudun gero tana ɓoye nata a cikin zane.)

Sai dai fuskar dodo wani abu ne dabam. Ga yaron Amurka roba ce da aka sayo a kanti. A wurinmu kuwa, a Kudancin Kaduna da Filato, har yanzu akwai tsofaffi a kan bencin majami'a waɗanda suka fito daga hannun dodo da ransu a hannu. Waɗansu an kore su daga gida saboda sun ƙi shiga. Iyayenmu mata sun san yadda ake rufe su a ɗaki in dodo ya fito. Ka ce wa irin wannan tsohuwa jikanta wasa yake yi, ka gani ko za ta yi dariya.

Manzo Bulus ya gamu da irin wannan a Koranti, kan naman da aka yanka wa gumaka. A sura 8 ta wasiƙarsa ta fari ya yarda gunki ba kome ba ne, duk da haka ya gwammace ya bar naman da ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. A kan wannan muka tsaya. Ba mu ce kabewa tana da aljani ba, ba kuma za mu kira ɗan'uwanmu na Amurka mai zunubi don ya raba alewa a ƙofarsa ba. Amma mu ba mu da daren da za mu cike gurbinsa kamar su, don haka ba mu ga dalilin aro shi ba.

In makaranta ta aiko takarda cewa yaro ya zo da kayan Halowin, kada ku tsaya ga yi masa tsawa, gama ba shi ya rubuta takardar ba. Uba ko uwa su je wurin shugaban makarantar da ladabi, su ce a ɗauke wa ɗansu. Da dare kuma a zaunar da yaron, kakarsa ta ba shi labarin dodo da bakinta.