Wasiƙar Neman Aiki Ba Takardar Bara Ba Ce

Kowace shekara, da zarar masu yi wa ƙasa hidima sun karɓi takardar sallama, sai ofisoshi su cika da ambulan, akwatunan imel kuma su cika da saƙonni. A bisa kowace takardar tarihin karatu akwai wasiƙa guda, wadda ita ce farkon abin da mai ɗaukar ma'aikata zai ɗora ido a kai. Abin takaici, ita ce kuma muka fi wulaƙantawa. Mukan yi shekara huɗu ko biyar muna wahalar neman digiri, amma mu kasa ba wannan shafi ɗaya ko da yini guda.

Wannan sakaci yana da asali. A shekarar 1962, lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, jami'o'i biyar ne kacal a duk Nijeriya, gwamnatin Jihar Arewa kuwa tana neman 'yan ƙasa ido rufe don su cike gurabun Turawa. Har zuwa 1973, da gwamnatin Janar Gowon ta kafa shirin hidimar ƙasa, aiki ne ke neman mai digiri. Wasiƙar wancan zamani cika ƙa'ida ce kawai. Amma tun daga tsuke bakin aljihu na shirin SAP a 1986 al'amari ya juya, yau kuwa jami'o'inmu sun haura 200. Wanda ya manta yadda kasuwar ta cushe, sai ya tuna watan Maris na 2014, ranar da dubban matasa suka yi turereniya a filayen wasa wajen jarrabawar shiga aikin shige da fice, har mutane fiye da goma suka rasa rayukansu. Zamani ya sake, salon wasiƙarmu bai sake ba.

Murya biyu muka gada. Ta farko ita ce ta akawun zamanin Turawa, wanda yakan buɗe da roƙo da ƙanƙan da kai, ya rufe da kiran kansa bawa mai biyayya. Ta biyu ita ce ta wasiƙar gida, mai doguwar gaisuwa da tambayar iyali. Da muka haɗa su sai muka sami wasiƙar da ke ba da labarin marayci, da tsufan mahaifiya, da ƙanne bakwai da ke jiran abinci. Duk wannan yana iya zama gaskiya, amma ofis ba gidan zakka ba ne. Mai karanta wasiƙar yana da kujera da babu kowa a kai, da aiki da ya taru, tambayarsa kuwa ɗaya ce: wa zai sauke mini wannan kaya?

Sai kuma sabuwar cuta, wato wasiƙar aro. A da, malamin rubuta wasiƙa ne ke zaune a ƙofar gidan waya. Yanzu shagon kwamfuta ne, ko manhajar da ke tsara magana cikin ƙiftawar ido. Mutum hamsin su aika da wasiƙa iri ɗaya, kowa mai ƙwazo, kowa mai haƙuri, kowa mai son aiki tare da jama'a. Wani ma ya aika wa banki wasiƙar da sunan ma'aikatar gona bai fita daga cikinta ba. Hausawa sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara. Ran da aka kira mutum ganawa, kalmomin da ba nasa ba su ne za su fara tona masa asiri.

To, wani zai ce ai an hore mu da kunya, yabon kai kuma jahilci ne. Haka ne. Amma akwai bambanci tsakanin yabo da shaida. A cikin Suratu Yusuf, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasar, ya kuma kawo dalili biyu: iya tsaro da sanin aiki. Bai ambaci shekarun da ya yi a kurkuku don a ji tausayinsa ba. Ya faɗi muƙamin da yake so, ya faɗi abin da ya sa ya cancanta, cikin 'yan kalmomi. Wannan ya ishe mu darasi.

Saboda haka wasiƙa mai kyau ba ta wuce shafi ɗaya. A jimlar farko a faɗi aikin da ake nema da inda aka ga sanarwarsa. Daga nan a karanta sanarwar nan da kyau, a zaɓi abu biyu ko uku da suka nema, a nuna inda aka taɓa yin irinsu. Maimakon mutum ya ce shi mai riƙon amana ne, gara ya ce ya riƙe kuɗin ƙungiyar ɗaliban sashensu shekara guda, ya kuma miƙa lissafi a rubuce. Maimakon ya ce yana da ƙwarewa, gara ya ce ya koyar da lissafi a aji uku lokacin hidimar ƙasa. Kada a maimaita jerin makarantu, tunda suna cikin takardar da ke biye. Kada a ƙara gishiri, don ramin ƙarya ƙurarre ne. A tabbatar da sunan ofis da muƙamin wanda ake rubuta wa, sannan a ba wani ya duba kurakurai kafin a aika.

Mun san abin da ke zukatan da yawa daga cikinmu: me amfanin wasiƙa alhali sai da hanya, sai da katin wani babba? Ba mu musun cewa wannan ɓarna tana nan. Amma ba kowane tebur ta ci ba, kuma ɗan talakan da ba shi da kawu a sama, wannan shafi ɗaya shi ne kawunsa. In ya rubuta shi da ganganci, ya taimaki masu hanya, don ya ba su hujjar cewa ba a sami wanda ya cancanta ba.

Daga ƙarshe muna da kira biyu. Ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai, ya kamata a riƙa shirya zama ga 'yan ajin ƙarshe, a gayyato tsofaffin ɗalibai da ke aiki su duba wasiƙunsu tun kafin su fita. Ga 'yan'uwanmu matasan ma'aikata kuwa, waɗanda suka shiga a mataki na 8 jiya jiya, ambulan ɗin nan a hannunku suke fara sauka. Ku buɗe su, ku karanta, ku sa na ƙwarai a sama ko da ba ku san mai su ba. Matuƙar ana karanta wasiƙa da adalci, za a sami masu rubuta ta da gaskiya. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya kuma sa mai rabon ya zama wanda ya cancanta.