Ra'ayinmu: Rariya Ko Tsani?

Tun da aka kafa Hukumar JAMB a 1978, ɗalibin da ke neman shiga jami'a sai ya bi ta rariya. A 2005 aka ƙara masa wata, watau jarrabawar tantancewa wadda kowace jami'a ke shiryawa da kanta. Ba mu ƙi awo ba, gama jami'a ba kasuwar ƙauye ba ce. Abin da muke tambaya shi ne, bayan an auna yaro an ga raunin Turancinsa ko lissafinsa, ina za a kai shi?

Magabatanmu sun amsa wannan tambaya. A zamanin Farfesa Ishaya Audu, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fagen shiga jami'a a Zariya, domin ɗalibin da makarantarsa ta gaza masa ya cike gurbin karatunsa. Da yawa daga cikin likitoci da alƙalai da malaman Arewa ta nan suka hau. Yau ma akwai irinta a Funtuwa.

Bukatar kuwa ƙaruwa ta yi. A 2021 aka sace 'yan mata 279 a Jangebe, daga baya kuma aka rufe makarantun Jihar Zamfara saboda rashin tsaro. Yaron Karakkai ko Bungudu wanda ya yi watanni ba aji ba malami, in ya faɗi jarrabawa, ba ƙwaƙwalwarsa aka auna ba, halin ƙasarsa aka auna.

Saboda haka muna kira ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da sauran jami'o'inmu: sakamakon tantancewa ya nuna wa ɗalibi darasin da ya yi rauni a ciki, a kuma ba shi gurbin share fage. Gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin kuɗin ɗan talaka, kada gyaran karatu ya zama na masu hali kaɗai. Rage maki ba gata ba ne, wanda aka shigar da shi bai shirya ba, korarsa kurum aka jinkirta.

Mu ɗalibai kuma, kada mu raina 'yan share fage. In hutu ya zo, mu koma garuruwanmu mu koyar da ƙannenmu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa a ji, a kuma aikata.